Hilux ta gas mai kilomita 310,000, a saya ko a haƙura?

Wa alaikumus salam Malam. Tambayarka ta iso, kace dillali ya nuna maka Hilux ta gas, wato dizal, 'yar 2012, injin 2.5, maileji na nuna kilomita 310,000, kai kuma aikin da kake so ta yi maka shi ne kai taki gona wajen Dadin Kowa da kwaso amfani in kaka ta yi, sai ɗan zuwa Bauchi ko Kano da iyali jefi jefi. Da ka nuna tsoron lambar sai ya ce toh ga wata Passat ita ma ta gas, 'yar kwatano, 2013, kilomita 140,000 kacal, ka ɗauki wannan. Yanzu kana tambaya wacce zaka kama, ko kuwa ka haƙura da gas ɗin gaba ɗaya ka koma fetur.

Ni aikin injin gas nake yi a nan Gombe, a cikinsa na tashi, kuma gaskiyar magana 310,000 ɗin nan ba ita bace abin tsoro. Abin tsoron shi ne wane irin mai motar ta sha a tsawon wannan tafiyar, sau nawa ta yi zafi, kuma waye yake mata juye. Injin gas ba fulogi ke kunna masa wuta ba, iska yake matsewa har ta yi zafin da mai zai kama da kansa, matsin ya kusa ninka na injin fetur, shi yasa aka yi bulok ɗinsa da karanshaf da fistan da kauri, sannan baya juyawa da gudu irin na fetur. Don haka ƙarfen ciki yana da haƙuri sosai. Waɗanda basu da haƙuri su ne kayan da ke kewaye da shi, injekta masu fesa mai cikin inji da famfon mai da turbo mai ƙara masa iska, kuma su ɗin ne masu cin aljihu.

Ka yi lissafin da kanka ma. In ka raba 310,000 da shekarun motar zaka samu dubu ashirin da 'yan kai a shekara. Gombe zuwa Bauchi kusan kilomita 150 ne, zuwa da dawowa 300, kaga kenan kamar mutumin da yake zuwa Bauchi ya dawo sau ɗaya ko biyu a sati. Wannan ai ba wahala bace a wajen Hilux, hasali ma doguwar tafiya ita injin gas yake so, ya yi zafinsa daidai ya ƙone kabon ɗin da ke cikinsa. Wadda nake tsoro ita ce motar ofis ko ta wata ƙungiya da direba ke barinta a silo, wato a kunne tana tsaye, da AC awa uku awa huɗu yana jiran oga ya fito daga taro, agogo bai ƙirga ko kilomita ɗaya ba amma inji yana ta aiki yana tara baƙi a cikinsa, in an zo gwanjo sai kaga lamba 'yar kaɗan ka ɗauka ka yi dace. Saboda haka tambayar farko da zaka yi wa dillalin ba ta kuɗi bace, ka ce masa motar wa ce, wane aiki take yi, me yasa ake sayarwa, kuma kana son ganin mai ita ido da ido. Motar da aka yi amfani da ita a nan yankin tarihinta baya ɓuya, in ka bi sawu zaka samu har bakaniken da yake taɓa ta.

Ita kuma Passat ɗin, 140,000 ɗinta ce ta fi bani tsoro akan 310,000 ɗin Hilux. Bature baya sayen motar gas don zuwa cefane, masu doguwar tafiya ne suke saya, toh ta yaya motar gas ta 2013 zata zo da wannan 'yar lambar? Zai iya zama gaskiya, amma mayar da maileji baya aikin 'yan mintoci ne da kwamfuta. Ka duba robar da ke kan abin taka birki da kuloci, ka duba fatar sitiyari, kan giya, da gefen kujerar direba inda ake gogawa wajen shiga da fita, in sun siɗe sun yi sheƙi toh motar ta ga hanya ko me agogo ya faɗa. Sau da yawa ma zaka samu 'yar sitika ta juyen mai a jikin ƙofa ko cikin bonet da Jamusanci ko Faransanci, an rubuta kilomita da kwanan wata, masu juya agogo suna mantawa da ita. In kuma mota daga Amurka ta fito agogonta mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka san kilomitar.

Amma ko da lambar gaskiya ce bana baka shawarar ta, ga dalili. Tun 2009 dokar hayaƙi ta Turai da ake kira Euro 5 ta sa kusan duk ƙaramar motar gas tana zuwa da wata matata a cikin salansa, DPF, wadda take kama kunkunniyar hayaƙi, in ta cika motar da kanta take ƙara zafi ta ƙone ta, kuma sai ana tafiya mai ɗan nisa hakan ke yiwuwa. Waɗanda suka biyo baya na Euro 6 da yawansu har da wani ruwa ake zuba musu, AdBlue. Duk waɗannan an tsara su ne akan man Turai wanda sulfa ɗin cikinsa baya wuce 10 cikin miliyan. Mu a nan shekara da shekaru iyakar da doka ta yarda da ita 3,000 ce, sai a 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince a sauko 50, matatar Dangote kuma ta fara fitar da gas a farkon 2024. Abu ya ɗan gyaru, amma tsakanin matata da tankinka akwai tanka, akwai tankin gidan mai da ruwa ke shiga da damina, akwai masu haɗawa da kananzir. Motar da ke da DPF in tana yawo daga Pantami zuwa Tumfure ta dawo kullum, wata rana zata kunna maka wuta a dashbod ta ƙi gudu. Abin da akasari ake yi shi ne a fasa salansar a zubar da matatar, in ba a gyara birin bos ɗin, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, yadda ya dace ba sai ta riƙa neman abin da babu shi, tana watsa ƙarin mai yana gangarawa cikin baƙin mai yana tsinka shi. Ga kuma ita ba motar lodin buhu bace ko kusa, hanyar gona ɗaya da damina zata cinye mata ƙasa.

Mu koma kan Hilux, tunda ita ce ta dace da aikinka. Injin 2.5 na wannan shekarar shi ne 2KD, mai turbo, komon rel. Ka tabbatar dai, don akwai 5L na 3.0 marar turbo, shi ba shi da gudu amma ya fi yafe mugun mai, in shi ka samu ma ni a wajena alheri ne ga mai aikin gona. Komon rel kuwa ma'anarsa famfo yana tura mai cikin bututu ɗaya da matsi sama da ba (bar, ma'aunin matsi) 1,300, wasu sababbin har 2,000, alhali iskar tayar motarka ba ta wuce ba biyu da ɗan wani abu ba. Ramukan bakin nozul ɗin ƙanana ne sosai da kyar ido ke ganinsu, kuma man gas ɗin da kansa shi ne yake shafa wa famfo da injekta maiƙo. Shi yasa ruwa ko kananzir ko ƙura suke kashe su, kananzir ba shi da maiƙon, ruwa kuma tsatsa yake kawowa.

Yanzu ga abin da nafi so ka riƙe. Kada ka yarda ka fara ganin motar nan da rana bayan an zagaya da ita. Ka ce a barta ta kwana inda take, ka zo bayan sallar asuba da bakanikenka, naka fa, ba wanda dillali zai kira ba, kuma wanda ya san gas, don mai gyaran fetur komai ƙwarewarsa kunnensa bai saba da wannan ƙarar ba. Kafin kowa ya taɓa makulli ka buɗe bonet ka ɗora tafin hannunka akan injin. In da ɗumi an riga an tashe ta, ka ce sai gobe. Injin gas da ya gaji in ya yi zafi yana ɓoye kusan komai, da sanyin safiya ne baya iya ƙarya, musamman in ka dace da hunturu irin sanyin Disamba da Janairu.

Tun tana sanyin ka matsa babban tiyon lagireto, ya kamata ya lotsa a hannunka, in ya yi tauri kamar an hura shi bayan ta kwana toh akwai alamar iskar inji na shiga ruwa, gasket kenan ko tof, wato kan inji, ya tsage. Ka buɗe murfin lagireton, da sanyi kawai ake wannan don Allah, kar ka kuskura da zafi, ka ga me ke ciki. Kulant mai launi ja ko ruwan hoda alama ce mai kyau, ruwan rijiya mai jan tsatsa kuwa yana gaya maka irin riƙon da aka yi mata. Ka tambaya ko tamostat, abin da ke daidaita zafin ruwan inji, na nan, don a ƙasar nan da mota ta fara zafi abin da ake fara yi shi ne a cire shi a haɗa fanka kai tsaye, ba a nemi asalin ciwon ba.

Sai a murɗa makulli ba tare da an tayar ba, ka ƙura wa dashbod ido, duk fitilun su kama, na inji, na mai, na hita, don akwai masu cire ƙwan fitilar da ta dame su. A tayar. Lafiyayye bugu ɗaya yake kamawa, ɗan hayaƙi na daƙiƙa kaɗan ba komai bane. In sai an yi ta jan kik, ko ta tashi tana rawa tana fitar da farin hayaƙi mai yajin ido, mai ne baya ƙonewa, wataƙila hita fulogi ne, mai ɗumama cikin inji kafin a tayar, wanda abu ne mai sauƙi, wataƙila kuma injekta ko matsin inji ne ya sauka wanda ba sauƙi. Farin da ba shi da yaji kuma ya ƙi ɗaukewa bayan ta yi zafi, ruwa take ci. Shuɗi baƙin mai ne take ƙonawa, ringi ko turbo. Baƙi in an taka totur da ƙarfi, ɗan kaɗan tsohuwar motar gas takan yi, amma wanda zai rufe na bayanka ba daidai bane, ko filtar iska ta toshe ko nozul na zubar da mai. Ka saurari ƙarar ma, in akwai wani ƙwas ƙwas mai kaifi da sanyi wanda yake raguwa in ta ɗumama, injekta nake fara zargi.

Tana silo sai bakanike ya kwance murfin baƙin mai ya ɗora shi a bakin ramin kawai ba tare da ya ɗaure ba. In yana ɗan motsi a wurin, lafiya. In iska na cilla shi sama hayaƙi na bulbulowa bugu bugu, ringi sun tafi, wannan maganar sauke inji ce, ka cire ranka ko a yi ciniki akan haka. Ka leƙa ƙarƙashin murfin, in kaga wani abu fari fari kamar madara ruwa ya haɗu da mai. Amma kar baƙin man geji ya tsorata ka, man injin gas ko jiya aka juye yau zaka ganshi baƙi, haka yake. Abin dubawa kaurinsa ne, in ya yi danƙo yana ja tsakanin yatsunka an zuba mai kauri ne don a rufe bakin ƙara.

Akwai wata Hilux da aka taɓa kawo mana daga wajen Bajoga, sabon saye, jiki na ƙyalli, tana mutuwa a hanya. Da muka kwance filtar mai muka zazzage cikin roba sai ga ruwa ya kwanta a ƙasa gas na sama, da jan gari gari na tsatsa, ga wasu 'yan ƙyalƙyali kamar garin azurfa in ka karkata robar a rana. Wannan ƙyalƙyalin famfo ne yake cin kansa, kuma in ya kai haka garin ya riga ya bi bututu ya shiga injekta duka huɗun, ba canza abu ɗaya zaka yi ba, har tanki sai an sauke an wanke. Don haka ka roƙi mai motar a buɗe 'yar mazubar da ke ƙasan filtar a tara maka a roba mai haske, aikin minti biyar ne.

Kwamfuta kuma dole ce, kuɗinta kaɗan ne akan abin da zata tsare maka. Ba wai a duba ko akwai kod na matsala kawai ba, don ana gogewa kafin ka zo. Ka ce a nuna maka yadda birin bos yake gyara wa kowace injekta mai, lambobi huɗu ne zasu fito, a irin wannan injin ana so kowacce ta tsaya tsakanin 3 sama da 3 ƙasa, mafi kusa da sifili mafi kyau, a duba da sanyi a sake dubawa da zafi. Wadda ta yi nisa da 'yan uwanta ita ce mai ciwo. Wani abu kuma da aka san gidan KD da shi, musamman yayansa 1KD na 3.0, shi ne wasar nan, wato ɗan zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin injekta, in ta saki, hayaƙi na shiga cikin baƙin mai ya daskare ya toshe rariyar da famfon mai ke zuƙa ta ciki, daga nan sai inji ya buga ba sallama. In mai motar ya yarda a yi juye a gabanka, a haska tocila ta ramin botom filet, wato kaskon baƙin mai na ƙasan inji, a ga rariyar.

Turbo kuwa a cire tiyon gabansa a taɓa sandar fankar da yatsa, inji a kashe. Ɗan motsi gefe da gefe ana samu, amma kada ta yi gaba da baya kuma kada fiffiken ya taɓa bango. Ɗan maiƙo a cikin tiyo ba laifi, mai ya taru har yana ɗiga shi ne laifi.

Kar ka manta da taimin bel, mai daidaita motsin bawul da fistan, wannan lambar taka ta faɗo daidai kansa. Toyota ta sa a canza shi duk kilomita 150,000, har fitila ce take kamawa mai rubutun T-BELT, kaga a 300,000 ya kamata an yi canji na biyu. Matsalar ita ce ana iya kashe fitilar ba tare da an taɓa bel ɗin ba. In ya tsinke kana tafiya fistan ne zai haɗu da bawul. Ni dai ko rantsuwa aka yi min an canza, in babu rasit ko bakaniken da ya yi aikin, sabo nake sawa da tenshina ɗinsa, na asali ba na jabu ba.

Bayan nan ku fita titi, kuma ba zagayen unguwa ba. Ku ɗauki hanyar Bauchi ku hau hawan nan na fita gari da AC a kunne, in da hali da ɗan lodi a baya, idonka akan allurar zafi, kada ta motsa daga inda ta zauna. A giya ta huɗu a taka totur, in inji ya yi ihu mota bata ƙara gudu ba kuloci ya ƙare. Ku sauka kan ƙasa a gwada ogzilari, giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja, ya shiga ya fita. Sannan a hau rami ku leƙa ƙasa, anan ake gane Hilux ɗin da aka ci zalinta, sifirin baya in an ƙara masa ganye ka san lodin da ya fi ƙarfinta ta sha, shasi kuma in kaga walda ko wani wuri da aka shafe da sabon baƙin fenti, a nan kam babu ciniki, inji ana canzawa amma shasin da ya karye ko ya karkace ba zai koma daidai ba.

Takardu a gurguje. Lambar shasi guda 17 ce, ta jikin mota ta dace da ta takardar kwastan da ta lasisi harafi da harafi, ka je ofishin kwastan a tabbatar maka da diyutin kafin ka biya, musamman 'yan kwatano tunda a Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a yi canjin suna.

Maganar gas ko fetur kuwa, tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 tazarar kuɗinsu ta ragu, amma galibi litar gas tana sama. Ribar ita ce motar gas ta fi tsimin mai a hanya kuma ta fi jan kaya. In zirga zirgarka ta cikin gari ce kawai da na ce ka nemi Hilux ta fetur 2.7, masu gyaranta sun fi yawa, kayanta na ko ina. Amma mai lodin taki da masara da doguwar hanya irinka gas ɗin zai biya shi, da sharaɗin zaka riƙe ta yadda take so. Ka zaɓi gidan mai ɗaya ko biyu inda manyan motoci ke sha kullum, man wurin baya daɗewa a ƙasa, ka rabu da na jarka wajen 'yan bumburutu sai dai in tsananin dole. Kada ka bari tanki ya riƙa kaiwa ƙasa. Juye duk kilomita 5,000 da man da aka yi don injin gas, filtar mai ta asali, in fitilar ruwa ta kama ka tsaya a zubar a take, filtar iska kuma da ƙurar hunturu da hanyar gona ka riƙa dubata akai akai. In ka dawo daga doguwar tafiya ka barta a silo kamar minti ɗaya kafin ka kashe saboda turbo.

Kuma don Allah kada ka zuba duk abin da ke hannunka a sayen, ni shawarata ka ware kamar kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin ka ajiye, don satin farko akwai bel, juye, filtoci, wanke lagireto da kulant, wataƙila batir. Kafin ka zauna ciniki ka sa bakanikenka ya kira masu kaya a nan Gombe da Kofar Ruwa a Kano ya ji kuɗin injekta ɗaya, da turbo, da saitin kuloci a ranar, don farashi baya zama wuri ɗaya. In ta tashi lafiya da sanyi, lambobin injekta sun zauna, shasi ba walda, allurar zafi bata motsa ba, ka saya, 310,000 ɗin ma sai ta zama hujjarka ta neman ragi. In injekta ɗaya ko biyu ne suka kauce sauran komai lafiya, a cire kuɗinsu daga farashin a gaban mai motar, ba a gaban dillali kaɗai ba, tunda shi la'adarsa yake dubawa. Allah Ya zaɓa maka mafi alheri, Ya sa a yi kaka lafiya.